Azumin da Aka Sake Zaɓen Dakta Yunusa

Azumi ya yi zagayensa ya sake faɗowa cikin bazara, daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Bana ina da fanka, ina da firji, ran da aka ga dama aka kawo wuta har ƙanƙara nake jefawa a ruwa. Duk da haka, da la'asar ta yi maƙwabta suka fara dama kunun tsamiya, ƙamshin ya tsallako katanga, sai in tashi in rufe taga ko da zafi zai kashe ni. Jikokina sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Na bar su a haka, don ban taɓa zaunar da su na ba su labarin Dakta Yunusa ba.

A wancan lokacin ina buga tafireta a wani sashe na wata babbar makaranta da ke wajen gari. Aurena na fari ya mutu, na dawo gidanmu a Ƙofar Kibo, kullum in bi bas in tafi aiki in dawo. Mahaifina shi ne mai unguwa, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafinsa, saboda haka ni a ganina ba wanda zai koya mini mene ne shugaba. Shugaba shi ne wanda ake tuɓe wa takalmi tun daga nesa. In ya ce magana ta ƙare, ta ƙare. Ba a ganin sa yana tauna abu a waje, kuma ba a taɓa jin kalmar babu a bakinsa. Na tashi ina ganin ƙwaryar kunu tana fita daga gidanmu zuwa zaure kowane azumi, ban taɓa tambayar kaina daga ina hatsin yake shigowa ba. Sai da na yi wayo sosai na lura da dammunan da manoman Baba ke saukewa a bayan gida da kaka.

Da wannan kan na shiga aiki. Makona na farko aka ce in ɗauki biro in zauna a mitin ɗin malamai in rubuta abin da aka yanke. Shugaban sashe shi ne Dakta Yunusa, dogo, baƙi, mai magana a hankali. Yana cikin bayanin yadda yake so a raba darussa sai wani matashin malami, Malam Garba, wanda ko gemu bai gama tsirar masa ba, ya katse shi ya ce bai yarda ba. Ya kawo dalilansa ɗaya bayan ɗaya, ko sunkuyar da kai bai yi ba. Ni na sunkuyar masa. Ina jira in ji an ce ya fita, sai na ji Dakta ya ce to a ɗaga hannu. Aka ɗaga, aka fi Dakta yawa. Ya juyo ya dube ni.

"Malama Hajara, rubuta an kayar da ni."

Hannuna ya ƙi. Sai da ya maimaita, ana ta yi mini dariya, sannan na rubuta.

A hankali na gane yadda abin yake. Shugabancin nan karɓa-karɓa ne, mutum ya yi shekara biyu ya sauka ya koma aji, sai in abokan aikinsa sun so su ƙara masa. Wani tsohon malami da ke ƙaramin ofis a ƙarshen baranda, wanda ke zuwa yana lallashina in sam masa takarda, ashe shi ma ya taɓa yi. Abin da ake ba shugaba kuwa shi ne makullin ofis, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun kafin in zo, da ɗan alawus da ko man babur ɗinsa Vespa ba ya isa. Ba gona, ba rumbu, ba mai kawo masa dami. Dakta da kansa yakan ce aikin kamar yasar rijiya ne, wanda layi ya zo kansa shi ke shiga, sauran su tsaya a sama suna gaya masa inda bai kwashe ba. Da farko abin haushi ya riƙa ba ni, ina ganin raini ne kawai aka yi wa ado da Turanci. Daga baya na fara jin daɗinsa, har na kai ina iya ce masa wasiƙarsa ta yi tsawo, ya je ya rage.

Na ba Baba labari wata rana, ya yi dariya har da riƙe gemu. Ya ce wasa ne suke yi a gabana. Mutumin da aka ɗora a kan daktoci ba zai zama ƙaramin mutum ba, in ma ya bari an kayar da shi, to ya ga dama ne.

Sai ga Dakta ya tare a unguwarmu. Ɗan ƙauye ne, ɗan manomi, ya ce ya gaji da gidajen makaranta inda maƙwabci ke wuce ka da ɗaga hannu. Ya kama hayar wani tsohon gida mai babban zaure kusa da namu, shi da matarsa Yaya Talatu da 'ya'yansu ƙanana. Baba ne ya gabatar da shi a masallaci, kuma da sunan da ya gabatar da shi aka ci gaba da kiran sa: Shugaba. Ba zan yi masa ƙarya don ba ya raye ba, Allah ya ji ƙansa, abin ya yi masa daɗi. Mutumin da yara ke kayarwa a mitin da safe, ga shi da yamma dattawa na miƙewa in ya shigo layi. Har tafiyarsa takan canza daga bakin ƙofar gari. Na taɓa tsokanar sa da haka a ofis, ya ce in kula da tafiretata.

Daminar da ta gabaci wannan azumi ba ta yi kirki ba. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama yin ido ba. Kaya suka yi ta tashi a kasuwa, kuɗin da ka sayi abu yau ba shi ne kuɗinsa jibi ba. Ana cikin haka rigima ta ɓarke tsakanin malamai da gwamnati, aka rufe makaranta, aka tsayar da albashi, nasu da namu duka. Muka shiga azumi hannu wayam.

Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Tun hantsi katangar ƙasa take ɗaukar wuta, in ka jingina da ita da la'asar sai ka zabura. Rijiyarmu ta ja baya har guga ya koma kawo laka. Da an yi sallar asuba, ni da zawarawa da tsofaffin unguwa mu ɗauki bokitai mu nufi wani famfo can wajen Ƙofar Galadima da ke ɗiga in ya ga dama, mu dawo rana ta riga ta fito tana dukan ƙeya. Sai surfe, sai bakace, sai wankin gero, ruwan wankin kuma ba a zubarwa, na awaki ne. Sai a kai niƙa. Inna, mahaifiyata, ita ke auna hatsi, kuma kullum hannunta ƙara ƙanƙancewa yake yi. Makon farko akwai ƙosai. Mako na biyu ƙosai ya zama labari, sukari ya bi shi, kunu ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Da azahar gidan kan yi tsit, kowa ya nemi inuwa ya kwanta a kan tabarmar da aka yayyafa wa ruwa, leɓe a bushe, ba mai ƙarfin yi wa wani faɗa. Da an kira magariba a fara da ruwan randa, wanda shi ma ɗumi gare shi, sai kunu, sai ɗanyen mangwaro ga wanda haƙoransa za su iya. Tuwo sai bayan isha, malmala ƙarama, miyar kuka ba mai.

Abin da ya fi cin rai shi ne hadari. Kusan kullum bayan la'asar sai ya haɗu ta gabas, baƙi-ƙirin, iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wurin da aka fi mu sa'a. Mu fito da duk wani abin tara ruwa mu jera a tsakar gida. Sai ya yi ruguginsa a kanmu, ya wuce ta kan dutsen Kufena ya watse. Mu kwashe kwanoninmu da 'yan ganyayyakin da iska ta zuba a ciki mu mayar ɗaka.

Mutanen ƙauye da suka zo cin rani, leburori da masu faskare da masu tura baro, ya kamata a ce sun koma gida shuka. Ruwa bai sauka ba, aiki kuma babu a gari, sai suka maƙale da iyalansu a kangayen jikin ganuwa. Da rana ta yi sanyi sai su taho zauren Baba da kwanoninsu, don nan aka sani. Baba bai taɓa korar kowa ba, amma rumbunsa shi ma ya ji daminar bara. Ran da ƙwarya ta ƙare mutane ba su ƙare ba, sai ya yi abin da a ganinsa shi ne daidai, kuma girmamawa ce: ya ce sauran su ƙarasa gidan Shugaba.

Dakta ya karɓe su da fara'a. Yana da 'yan buhunan gero da ya saya da kaka, ɗabi'ar ɗan manomi, ya ce wa Yaya Talatu ta dama kunu. Washegari suka dawo da 'yan'uwansu. Kafin a je ko'ina zaurensa ya fi na Baba cika, shi kuma yana zaune a tsakiya kan buzu ana ta sa masa albarka.

Ni nakan shiga in taya Yaya Talatu surfe, don aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya. Mace ce mai kunya, ba ta da yawan magana. Ni kuma Allah ya yi ni da ido. Na lura jeren langa da tasoshin da ke kan kabad ɗinta yana raguwa, na kuma yi kiciɓis da dillaliya tana fita da ƙunshi fiye da sau ɗaya. Sai wata rana ta ajiye taɓarya a tsakiyar aiki ta zauna a bakin turmi. Ta ce Dakta yana da gyambon ciki tun yana ɗalibi, likita ya hana shi azumi, ya ce ya riƙa cin abu kaɗan-kaɗan, ya guji tsami. Shekarun baya yakan sha azumin, ya ciyar, ba wanda ya sani. Bana ya ce ba zai zauna cikin mutanen da suka wuni da ƙishirwa ba alhali shi cikinsa da ruwa. Da an kira sallah kuma, abin da ke gabansu shi ke gabansa, kunun tsamiya ba sukari, shi yake zuba wa cikin da ya wuni wayam. Tuwon dare na yara ne, in ya rage ita da shi su taɓa.

"Jiya ya yi amai," in ji ta. "Baƙi ne, Hajara, kamar ruwan rini. In aka ƙarasa watan nan a haka, ba na jin zai ga Sallah."

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na dawo gida na gaya wa Inna. Ba ta yi wata-wata ba, ta tuƙa tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji, ta ce in kai. Kwanon ya dawo da sandar sabulu a ciki. Gidan babban mutum ba ya mayar da kwano wayam, kuma abin da zai saka sai ya fi abin da aka kawo. Muka sake aikawa, ya dawo da sabon ɗankwali wanda na san Yaya Talatu ta ajiye shi ne don Sallah. Na je na yi mata faɗa, ta ce umarninsa ne, kuma tuwon ma zaure ya sa aka fitar da shi. Inna ta ce mu tsaya haka, taimakon namu ƙara tsiyata su yake yi.

Sai na je wa Baba. Na same shi shi kaɗai da hantsi, na durƙusa, na ce masa Dakta ba shi da komai, albashinsa an tsayar kamar nawa, ga shi ba lafiya, a daina tura masa mutane. Ya saurare ni har ƙarshe, don Baba ba ya katse mutum.

"Naki aka tsayar," ya ce. "Shi shugaba ne. Irin su ba sa rasawa, sai dai ba a nuna wa yara inda ake ajiya."

Na ce wallahi ni nake buga takardunsa, na san abin da yake samu. Ya ce da nauyin ya fi ƙarfinsa da ya turo an gaya masa, ko ya rufe zaure. Mutum mai ilimi kuma ya san Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Shi dai ba zai taka ya je ya tambayi babban mutum ko akwai abinci a gidansa ba, wannan zagi ne. Ya ce in tashi. Na tashi ina jin haushinsa kamar in fashe da kuka, alhali na san ba mugunta ba ce, iyakar abin da ya sani ke nan.

Saura shi Dakta. Na tare shi a zaure da safe yana duba wani littafi, fuskarsa ta faɗa, leɓensa ya yi fari. Na yi abin da na koya a wurinsa, na ce ban yarda da abin da yake yi ba, na kawo dalilaina. Na ce kalma ɗaya ce, ya fito ya ce babu. Ya yi murmushi ya ce a ofis wuni yake yi yana faɗin ta, babu takarda, babu alli, babu kuɗin tafiya, kuma ba wanda ke jin ciwo, don kowa ya san ba daga aljihunsa ba ne.

"A can na san ni ba kowa ba ne, kowa ma ya sani," ya ce. "A nan mutum zai zo da 'ya'yansa ya zauna a kan tabarmata, ya kira ni da sunan da na bari aka kira ni da shi. Da wane bakin zan faɗa masa? Ki bari, saura kaɗan. Wa'adina ma a watan nan yake cika."

Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe. Na san garinmu. Ba za su taɓa yarda shugaba ya rasa ba, amma sun san abin da ake nufi da an sauke mutum. Wanda aka sauke tausayinsa ake ji, a daina zuwa masa da kwano, in an kai masa abinci kuma ba mai jiran tukwici. In aka karɓi makullin nan daga hannunsa, Baba da kansa zai ce a bar shi ya huta. Karon farko ke nan da na ga amfanin karɓa-karɓar nan a zahiri, har na ji ina alfahari da wurin aikina.

Na bi bas cikin rana na je gidan Malam Garba a makaranta. Na same shi a bayan gida yana tayar da kunya a busasshiyar ƙasa, yana jiran ruwa kamar kowa, shi ma wuyansa ya yi tsawo. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Na zayyana masa komai, ban rage ba. Ya dafa ƙotar garma ya ce zai tara mutane, kuma in ba wanda ya tsaya shi zai tsaya.

Ofisoshi a kulle suke, sai aka yi mitin ɗin a gindin mangwaro bayan sashe, wasu a kan dutse, wasu a kan bencin masu gadi. Aka kira ni in rubuta. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, a irin wannan lokaci shugaban sashe shi ake kira sama a yi wa barazana, shi ne kuma na farkon da za a kora in abin ya ƙara lalacewa. Ba mai son makullin. Tsohon malamin nan mai neman takarda ya miƙe ya ce ba a taɓa samun wanda ya riƙe sashen da gaskiya kamar Dakta Yunusa ba, kuma ba hankali ba ne a canza hannu ana tsakiyar rigima. Aka yi ta gyaɗa kai. Na zuba wa Malam Garba ido. Ya buɗe baki, ya dubi Dakta da ke zaune a gabansa, ya rufe. Me zai ce? A sauke mutum don yunwa na cin gidansa, ya faɗa a kan idonsa? Shi da ke iya musu a kan rabon darussa har rana ta faɗi, wannan ta fi ƙarfinsa. Ko jaririn da ke gida ma ya faɗo masa a rai, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayar sa ba. Aka ce a ɗaga hannu. Mai buga tafireta ba ta da ƙuri'a a wurin. Hannun Malam Garba ne ya tashi a ƙarshe.

Dakta yana da ikon ya ce a'a. Ya bi su da kallo ɗaya-ɗaya, ramammu, masu iyali, ya ce to, Allah ya taya mu riƙo. Da aka watse ya biyo ta kusa da ni ya ce, "Yau ke aka kayar, Malama Hajara." Ashe ya san ni na haɗa abin. Ban yi dariya ba.

Kafin mu iso gari labari ya riga mu, kuma ya iso da wata kama daban: an sake naɗa Shugaba. Washegari maroƙa suka yi sammako a ƙofar gidansa. Baba ya sa rawani ya taka da kansa ya yi masa murna, ya dawo yana ce mini kin gani ko. Masu kwano suka ninka, har daga unguwannin da ban san sun san da mu ba. Vespa ta ɓace daga zaure, aka ce ta je gyara. Ni da Yaya Talatu muka ci gaba da surfe, taɓarya na tashi tana sauka, gumi na shiga ido. Gero ya ƙare aka koma tsakin masara. Na riƙa ganin Dakta yana tafiya masallaci yana dafa katanga, in an gaishe shi ya cire hannun da sauri ya gyara tsayuwa.

A goman ƙarshe ne. Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba amma an riga an fara gumi, Yaya Talatu ta faɗo gidanmu ba mayafi, ita da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa. Ta ce Dakta ya dawo daga masallaci ya yanke jiki a tsakar gida, jini ta baki. Aka samu a-kori-kurar wani mai itace aka kai shi asibiti. Kafin azahar aka dawo da shi a rufe.

Ruwa ya sauka bayan Sallah da 'yan kwanaki, mai yawa, 'yan cin rani suka kama hanyar gida. An buɗe makaranta daga baya, Malam Garba ya karɓi makullin, ya yi shekarunsa ya sauka, amma ban sake jin ya yi musu da ƙarfi irin na da ba. Yaya Talatu 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita da yaran. Na yi aiki a ƙarƙashin shugabanni da yawa har na yi ritaya, na kirki da na banza, kuma duk wanda aka miƙa wa makullin nan sai in sami kaina ina kallon wuyansa da hannuwansa. Amma ba waɗannan ne ke hana ni sukuni ba. Yammacin ranar ne.

Baba da liman ne suka yi masa wanka, don ba shi da dangi a kusa. Aka kai shi bayan azahar cikin rana mai ƙuna. Da Baba ya dawo bai tsaya a zaure ba, ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi da rana, ya zauna a ƙasa a bakin rijiya. Rawaninsa ya kwance bai gyara ba. Ya sa Inna ta kira ni. Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, Baba kuma ya fi kowa kiyaye wannan. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Wannan shugabancin naku," ya ce, "wa ke kawo wa mutum hatsi?"

Na ce ba kowa.

"Wa ke sama da shi da zai duba shi?"

Na ce akwai na sama, amma ba wannan ne aikinsu ba. Waɗanda suka zaɓe shi kuwa, yunwar da yake ji ita suke ji.

Can ya ce, "Da hannu ɗaya na juya shi, Hajara."

La'asar ta yi, rana ta fara sanyi. Labarin rasuwar bai kai kangayen jikin ganuwa duka ba, balle unguwannin nesa. Wasu kuma sun ji, amma sun san gidan rasuwa ba ya rasa sadaka. Na leƙa daga ƙofa na gan su suna tahowa ta layi da kwanoni, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Daga cikin gidan Dakta kuma, wallahi, na ji an fara daka. Ko Yaya Talatu ce, ko wata daga cikin masu zaman makoki ce ta ga lokaci ya yi, ban sani ba.

Baba ya miƙe. Ya ce Inna ta je ta karɓe taɓaryar. Ya ɗauki buzunsa da kansa, bai bari kowa ya riƙe masa ba, ya je ya ja ƙyauren zauren Dakta ya rufe, ya shimfiɗa buzun a bakin ƙofa ya zauna. Na farkon da ya iso wani mai faskare ne da iyalinsa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙo kwano. Mahaifina ya dubi kwanon, ya dubi mutumin.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Babu."

Mutumin bai gane ba, ya ci gaba da miƙo kwanon. Baba ya sake faɗa. Bai ɗaga murya ya sallami taron gaba ɗaya ba, ko da yake da ya yi haka da sun watse. Ɗaya-ɗaya suka riƙa isowa gabansa, kowanne Baba ya dube shi a ido ya faɗa masa babu, har aka kira magariba yana zaune a wurin, ba ko ruwa a gefensa, layin kuma bai ƙare ba.